Yawun da Damaris Ta Haɗiye

Ma'auni ya tsaya a kilo ɗaya da giram ɗari takwas. Sista Rufina, wadda ta karɓi haihuwar, ta ɗaga jaririn, ta gyara zanen da ke kan farantin, ta sake kwantar da shi. Tsinken ma'aunin ya koma daidai inda yake.

"Wata nawa kika ce cikin ya yi?"

"Tara cif," in ji Damaris daga kan gado. "Inna ce ke ƙirga mini."

Sista ta matso ta ja fatar idon Damaris ƙasa da babban yatsa. Cikin fari fat, kamar cikin kwakwa. Ta rubuta wani abu a kati ta rataye a ƙafar gado.

Asibitin ɗaki huɗu ne a bakin teku, arewa da garin Madang. Damaris da uwar mijinta, Inna Tabita, sun tsallako daga tsibirinsu tun mako guda kafin naƙuda, tafiyar minti arba'in a kwalekwale mai inji, don kada a maimaita abin da ya faru a haihuwar farko. Ta farko mace ce, shekara biyu ke nan. A gida aka haife ta, ba wanda ya auna ta, amma Damaris ta tuna tafin hannunta ɗaya yana rufe bayan yarinyar duka. Kwana biyar ta yi a duniya.

A tsibirin ba a daɗe ana neman dalili ba. Kowa ya san abin da ya fito daga bakin mutum jikinsa ne. Wanda ya samu yawunka, ko ɓawon da ka ciza na buwai, ɗan itacen da ake taunawa kamar goro, ya samu ƙofar shiga cikinka da sammu. Damaris tana da wurin zama a gindin mangwaro bayan gida. Nan take fasa koren ƙwallon buwai da haƙori in ta dawo daga gona, ta tauna, ta tsoma tsinken yaji a kambang, farar tokar ƙonannen kwanson teku, ta haɗa, har bakin ya rine. Wuri guda take tofarwa kullum, ƙasar wurin ta zama ja kamar an yanka kaza. Wata safiya, cikin farko yana wata takwas, ta tarar an kwashe ƙasar. Rami ne mai zurfin kwano, gefensa sumul, da gani an yi amfani da ɓawon kwakwa. Da idonta ta gani. Bayan wata guda aka binne yarinyar.

Saboda haka da ciki na biyu ya shiga, Inna Tabita ta kafa doka. Ba ta ce a daina buwai ba, ba wanda ma ya kawo wannan a ransa. Shi ke kwantar da tashin zuciyar masu ciki, shi ke kashe warin baki, shi ke riƙe mace a gona har rana ta yi tsaka. Dokar ita ce kada ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa. Ruwan da kowa ke tofarwa, Damaris ta haɗiye shi. Ɓawon kuma ta zuba a jakar saƙa da ke wuyanta, a ƙone a murhu kullum kafin a ɗora tukunya.

Makon farko ta sha wahala, maƙogwaro yana ƙuna, kai yana juyawa. Daga baya ta saba. Da ta saba sai ta ga yunwa ma ta rage mata, gwaza ɗaya da ɗan kifi sun ishe ta yini. Daga ƙwallo goma a rana ta kai ashirin, ta wuce. Wata tara, ko a coci, ko a kwalekwale, ba wanda ya taɓa ganin ta tofar. Matan tsibirin suna nuna ta ga 'ya'yansu.

Ranar Talata da hantsi aka haifi yaron. Yinin nan barci kawai ya yi. Ranar Laraba da safe ya fara.

Haɓarsa ce ta soma rawa, sannan hannaye. Ya dunƙule yatsu har suka yi fari, ya miƙe ƙafafu kamar busasshen kifi. Kukan ba irin na jarirai ba ne. Siriri ne, mai tsini, ba ya hawa ba ya sauka, kamar ƙarar injin da ke nesa a kan ruwa. Wata mai jego da ke ɗaya gadon ta ɗauki nata ɗan ta koma baranda. In Damaris ta sa shi a nono sai ya cafka da ƙarfi, ya ja sau biyu, ya saki, ya riƙa juya kai hagu da dama yana neman wani abu daban.

Sista ta tsaga diddigensa ta ɗebi jini. Ba zazzaɓin sauro, sukari bai faɗi ba, jiki ba zafi. Ta koya wa Damaris tatsar nono a kofi, a riƙa ɗiga masa da ƙaramin cokali.

Inna Tabita tana zaune a ƙasa kusa da ƙofa, kumatunta a cike da buwai, tana kallo.

"An same shi," ta ce bayan Sista ta fita. "Yi tunani, 'yar nan. Ina kika yar?"

"Ban yar ba, Inna."

"Amai fa? Kin taɓa yi a hanya?"

"A teku nake yi."

"To an bi ta wani wuri. Na aika wa mijinki, gobe zai zo da kwalekwale. Tsoho Balim yana jira."

Balim shi ne bokan tsibirin. Aikinsa ya tauna buwai da citta, ya kira sunayen kakanni, ya fesa wa majinyaci daga ka har ƙafa.

Da la'asar Damaris ta bar yaron a hannun Inna ta zagaya baya don wanka. Tana cikin zuba ruwa sai ta tsaya da kwano a hannu. Ta ɗan jima kafin ta gane abin da ya tsayar da ita. Kukan ya ɗauke. Tana jin tsiyayar ruwa daga tanki, tana jin ganyen kwakwa. Ta ɗaura zane da kumfa a jiki ta shigo da gudu.

Yaron yana kwance a cinyar Inna, idonsa biyu. Hannayen sun saki. Fuskar nan mai tattara irin ta tsofaffi ta kwanta, kuma yana kallon rufi kamar mutumin da ya gama aikin yini. Muƙamuƙinsa ne kawai ke motsi, a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan. Ba tsotso ba ne. Damaris ta ga wannan motsin a bakin kowane babba da ta sani. A gefen leɓensa akwai jan layi siriri yana gangarowa haɓa.

"Inna, me kika ba shi?"

"Ɗan yatsa kawai na dangwala na shafa masa a dasashi." Inna ta ɗaga yatsan, ja. "Kin gani? Ta buwai aka shige shi, ga shi ya faɗa da bakinsa. Maganin Turawa ya yini bai yi abin da yatsana ya yi ba."

Damaris ta karɓe shi. Ya juyo da kai, ba wajen nono ba, wajen bakinta. Ya buɗe nasa yana shaƙar numfashinta.

Shirun bai kai awa ɗaya ba. Ya amayar da duk abin da aka ɗiga masa tun safe, rawar ta dawo har gadon ƙarfe yana ƙara. Sista ta shigo, ta buɗe bakinsa da yatsa, ta ga dasashin ya yi ƙuna fari-fari inda kambang ya taɓa. Ta dubi Inna, ta dubi Damaris. Ta wanke bakin da auduga. Da safe ma'auni ya nuna kilo ɗaya da ɗari shida da hamsin.

Mileng, mijin Damaris, ya iso da hantsin Alhamis. Bai shiga ɗakin masu jego ba, ya tsaya a baranda da hula a hannu, ƙafafunsa jiƙe da ruwan teku.

"Iska za ta tashi kafin tsakar rana," ya ce ta taga. "In za mu tafi, yanzu ne."

Inna ta riga ta naɗe tabarma. Sista Rufina ta shigo ta rufe ƙofa, ta jawo kujera ta zauna gaban Damaris.

"Buwai nawa kike ci a rana?"

"Ashirin. Wani lokaci ya fi."

"Da taba?"

"Ɗan kaɗan, in kai yana ciwo."

"Kwana tara kina nan, ban ga kin je bakin kwata kin tofar ba ko sau ɗaya. Ina yake zuwa?"

Damaris ta taɓa maƙogwaronta.

Sista ta ce, "Duka? Wata tara?"

"Don a tsare shi ne."

"Ki saurare ni, ƙanwata. Abin da ya shiga cikinki yana shiga jininki, abin da ya shiga jininki yana bin cibiya. Wannan zafin da kike ji a ƙirji in kin tauna, zuciya tana gudu, shi ma yana ji. Yunwar da ba kya ji, shi ne ya kwana da ita. Shi ya sa ya zo ƙarami, ke kuma ba jini. Wata tara yana cin buwai ba tare da ya buɗe baki ba. Ranar Talata na yanke cibiya, na yanke masa shi. Abin da kike gani ƙishi ne. Shekara goma sha huɗu ina nan, wannan ne na uku da na gani haka."

Inna Tabita ta yi dariya ta hanci. "Ji mai wa'azi! Buɗe bakinki, Sista, mu ga naki haƙoran. Jan da ke kansu fenti ne?"

"Buwai ne, Inna, na kasuwar bakin hanya. Amma ba kowa a cikina sai shinkafar jiya."

"Ni bakwai na haifa ina taunawa. Ga ɗaya can tsaye a baranda, ya fi ƙofarki tsawo."

"Wasu suna tsira, ban ce ba. Ke kina haɗiyewa?"

"Ni akuya ce?"

"To ita kin mayar da ita akuya." Sista ta juya ga Damaris. "Ba zan yi miki alkawari ba. Amma in ya zauna a jikinki da ɗumi, ana ɗiga masa nono duk awa biyu, ke kuma kika ajiye jakar nan don kada ya riƙa samu a nono, rawar tana raguwa cikin kwanaki. Biyun da na gani sun rayu. In ya hau ruwa yau, da wannan nauyin, da iskar nan, a jiƙa shi da yawun Balim, ba na jin zai ga Lahadi."

Ta ɗauki yaron tsirara ta manna shi a ƙirjin Damaris tsakanin nonuwa, ta ɗaure su tare da zane. Damaris ta ji rawar tana shiga ƙashinta.

"To ramin fa?" ta ce. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa. "Sista, ke ba ki gani ba. An kwashe ƙasar da nake tofarwa, 'yata ta mutu. Buwai ne ya ɗauki ɓawon kwakwa ya haƙa?"

Inna tana ɗaure bakin tabarma, ta ƙulla, ta kwance, ta sake ƙullawa.

"Ni na kwashe," ta ce, ba ta ɗago ba.

Damaris ta dube ta.

"Na ga kina zubar da kanki a fili kamar marar gata. Na tashi da sassafe na kwashe na kai teku, don kada wani ya riga ni. Da yarinyar ta mutu sai na san an riga ni."

"Shekara biyu, Inna. Ina wuce gindin mangwaron nan ina kauda kai. Ba ki faɗa ba."

"Da na faɗa, da kin ji tsoro? Tsoron ne ya tsare ki." Inna ta miƙe ta miƙo hannu biyu. "Kawo shi. Ɗanmu ne, jinin gidanmu. Ba za a ce ya mutu a hannun baƙi muna kallo ba."

"Rana tana yi," in ji Mileng daga taga.

Damaris ta sauko daga gado. Ta dafa bango ta wuce Inna, ta buɗe ƙofa ta fito baranda. Tsakar asibitin cike yake, ranar awon ciki ce: mata a jere kan benci, masu jinya suna dafa ayaba a gindin bishiya, wani tsoho da ba ta sani ba yana zaune kan dutse. Inna ta biyo ta tana cewa a riƙe mata hannu a matakala.

Damaris ta tsaya a bakin matakalar. Ta cire jakar saƙa daga wuyanta. A asibiti ba murhun da ta yarda da shi, don haka ɓawon kwana tara yana ciki, kowanne da sawun haƙorinta. Ta kama gindin jakar ta zazzage. Ɓawon ya watsu a ƙasa, wasu suka gangara har ƙarƙashin benci. Sauran ɗanyun ƙwallayen da kwalbar kambang suka bi baya. Akwai guntun da ta tauna tun safe a kumatunta. Ta tara shi ta tofar, ja, a tsakiyar fili, gaban kowa.

Hirar bencin ta tsaya cak. Wata mata ta ja ƙafarta baya.

"Kin haukace?" Mileng ya ce. "Damaris! Gaban mutane?"

"Mai so ya ɗauka," ta ce. Jikinta yana ɓari, ba ta san ko nata ne ko na yaron ba. "Ba inda za mu."

Inna Tabita ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa da gwiwoyinta na tsufa ta shiga tsincewa, tana zubawa a bakin zane, tana leƙa ƙarƙashin benci, tana kallon hannun kowa. Ta kankare ƙasar da yawun ya taɓa da farce. Mileng ya tsaya yana juya hula, ya dubi uwarsa, ya dubi teku inda farin kumfa ya fara fitowa a bakin tsibiri. Ba zai sa hannu ya kwance zanen mai jego a gaban jama'a ba, kuma ba mai taya shi. Kafin Inna ta gama, iska ta tashi. Ya ja kwalekwalen kan yashi ya kife.

Da yamma Inna ta leƙo ta taga. Ta ƙone abin da ta tsinta a bayan katanga, tana warin hayaƙi.

"Na ga ɓawo ɗaya ya gangara wajen dutsen nan," ta ce. "Na duba, babu. Tsohon da ke zaune a kai ma babu."

Ta tafi. Damaris ta tambayi Sista wane ne tsohon. Sista ta ce mutane da yawa suna zama a dutsen, ba ta lura ba.

Kwana uku na gaba su biyu suka yi rawar tare. Kan Damaris kamar ana sara, bakinta yana cika da yawu, tana hamma har hawaye. Tana jin ƙamshin buwai daga bakin duk wanda ya wuce taga. Yaron yana kuka a ƙirjinta, tana ɗiga masa nono cokali-cokali, rabi yana dawowa. Duk sanda ya sandare sai ta tuna ɓawon da ya ɓace, ta ga hannu yana rufe shi, ta ƙirga numfashin yaron har ya saki. Ranar Asabar ma'auni ya nuna kilo ɗaya da ɗari shida da ashirin. Sista ta rubuta ba ta dube ta ba.

Ranar Litinin da hantsi Damaris ta farga cewa ta gyangyaɗa a zaune, kuma ba abin da ya tashe ta. Ta leƙa cikin zane. Ya sami nono da kansa, yana ja a hankali, yana haɗiyewa. Hannunsa a buɗe yake a kan fatarta. Ta ci kwano biyu na gwaza da ganye ranar, ta nemi ƙari.

Sai da ya cika kwana goma sha takwas ma'auni ya taɓa kilo biyu. Sista ta ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, ta ce a dawo da shi bayan mako biyu, ta ce wa Inna, "Yatsan nan naki, a bar shi a aljihu." Inna ta ce ba ta da aljihu.

Hanyar bakin ruwa ta bi ta tsakiyar masu tebur. Dama da hagu koren buwai ne tsibi-tsibi, da ɗaurin tsinken yaji, da kambang a ƙananan leda. Ƙasar wurin ja ce tun daga titi har yashi. Mileng yana gaba da kaya, Inna tana baya. Yaron yana barci a ƙirjin Damaris, kansa kawai ya leƙo daga zane.

A tebur na biyu wata mai sayarwa ta fasa ƙwallo da haƙori. Yaron ya buɗe ido. Ya juya kai wajen teburin, hancinsa yana motsi.

"Kai, saurayi!" matar ta ce tana dariya. "Bari haƙori ya fito tukuna, zan ajiye maka mai kyau."

Bakin Damaris ya cika da yawu. Ta ɗora tafin hannu a bayansa ta ƙara sauri. Teburin ya koma gefenta, ya koma bayanta. Kan yaron ya ci gaba da binsa a hankali, har inda wuyan ya ƙare.